Masu zanen gini na Maradi, wace manhajar BIM kuka gwada?

Mai zane, unguwar Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ofishinmu na son rage dogaro da manhajar zane ta AutoCAD, mu koma manhajar BIM, wato wadda ke tsayar da gini sukutum a kwamfuta, bango da kaurinsa, ginshiƙi da rodinsa. Wanda ya taɓa aiki da ita ya faɗa mana abin da ya gani.

Injiniyan kankare: Wa'alaikumus salam. Ni Revit nake amfani da ita, saboda tana tafiya da Robot, wadda muke lissafin ƙarfin gini da ita, dukansu na Autodesk ne. A wani bene a unguwar Zariya, Alhaji ya ce a faɗaɗa falo bayan an gama zane. Na matsar da bango ɗaya, sai zanen kowane hawa da lissafin bulo suka gyaru da kansu. Da a da ne, sai an sake komai. Amma ka kiyaye: fayil ɗin da aka ajiye da sabon Revit ba ya buɗuwa a tsoho. Ku daidaita shekarar fitowar Revit ɗin da abokan aikinku tun farko.

Mai tsara gidaje: ArchiCAD ta fi mini sauƙin hannu, ta kamfanin Graphisoft ce na Hungari. Mai gida yana ganin zaurensa da tsakar gidansa kafin a haƙa tushe, gardama ta ragu. Idan zan tura wa injiniya sai in fitar da IFC, wato irin fayil ɗin da manhajojin BIM daban-daban ke iya buɗewa. Wani lokaci taga kan iso ba bayananta, sai mun duba tare.

Ɗalibi: Yallaɓai, Tekla fa?

Injiniyan kankare: Ƙanena, wannan ta ginin ƙarfe ce musamman, irin manyan rumbunan ajiya. Fara da manhaja guda ka iya ta sosai. Kuma nemi kwamfuta mai ƙarfi da batiri mai riƙo, don zafin Afrilu da ɗaukewar wuta ba sa jira ka ajiye aiki.

Shugaban magina: Ni roƙona ɗaya ne. Kwanaki injiniya ya nuna mini a allo inda bututun ruwa zai ci karo da ginshiƙi, muka kauce kafin a zuba kankare, ba a fasa komai ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai yarana takarda suke karantawa a rana. Ku buga mana ita babba, awo a fili, girman rodi da tazararsa a rubuce.

Mai zane: Na gode, Baba. Zan kawo maka bugun farko ka duba kafin mu raba.