Mage mara lafiya ta tare a zaurenmu, me zan ba ta?

Maman Biyu, Kurna

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah mai sani ya taimaka min. Akwai wata mage fara mai ɗigon baƙi a kunne da ke yawo a layinmu tun damina. Ba ta kowa ba ce, ƙarƙashin teburin mai shayi take kwana. Shekaranjiya maigidan zai fita sallar asuba ya tarar da ita a zaure, ta cusa kanta bayan buhun gawayi. Idonta na hagu ya manne da kwantsa, hancin duk majina, sai atishawa take ta yi. Na ajiye mata kan kifi, ta shinshina ta kau da kai. Mage ta ƙi kifi fa! Yau kwana uku ke nan ban ga ta ci komai ba.

Maƙwabciyata ta ce in daka rabin Panadol in zuba mata a madara. Surukata kuwa cewa ta yi a kore ta, wai magen da ta zaɓi gidan mutane ta kwanta ba a san ko mece ce ba. Yara har sun raɗa mata suna Lami. Ga shi ina da ciki wata biyar, taɓa ta ma tsoro nake ji.

Ɗalibin Samaru

Wa'alaikumussalam Hajiya. Don girman Allah kada ki ba ta Panadol, ko ɓantare ne. Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, yana lalata mata jini, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Madarar ma ki bari, yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da murar kyanwa, wadda ke kama hanci da ido, amma sai likita ya gani da idonsa. Mage da hanci take cin abinci, in ya toshe ko nama kika ajiye ba za ta kula ba. A samu auduga da ruwan ɗumi a goge mata ido da hanci, kowane ido da audugarsa. Sannan a ɗan ɗumama sadin na gwangwani ko dafaffen kifi, don ƙamshin ya tashi. Kada a ba ta wanda aka dafa da albasa ko tafarnuwa, guba ne a wajensu. Dettol ma kada ya taɓa jikinta, balle fiya-fiya, don lashe jikinta take yi.

Kwana uku ba ci ya yi yawa, gobe da safe a kai ta. Mu nan Zariya asibitin koyarwa na dabbobi na ABU ake kaiwa, ku kuma a Kano akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale. A lulluɓe ta da tsohon bargo, a sa a kwali, a huda shi ta sha iska, a ɗaure bakin. Kada wanda ya rungume ta a cikin adaidaita, ƙarar hon ɗaya za ta fizge.

Ɗan Kasuwar Rimi

Ikon Allah. Mutane na kwance ba kuɗin magani, ku kuna zancen asibitin mage.

Baba na Gwale

Yaro, ai tausayi ba ya ƙarewa don an ɗiba wa dabba. Ka manta da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba? Ke kuma 'yata, ki lallaɓa surukarki, kada ki yi musu da ita. Sanyin hunturun nan ne ya koro magen, gawayi kuma yana tare iska. Ni na haura shekara 60 da kyanwoyi a gida, ban da ɓera ba wanda suka taɓa cutarwa.

Nas Mai Aikin Dare

'Yar'uwa, tunda kina da ciki, bar wa maigida aikin. Murar tata ba ita ce abin tsoro gare ki ba, kashinta ne: akan samu wata ƙwayar cuta a ciki da ke iya shafar ɗan tayi. Shi ya kwashe kullum, ya sa leda a hannu, ya wanke da sabulu.

Yara kuma a ja musu kunne. Sunanta Lami, amma ba kyanwar Lami ba ce, mage mai ciwo tana cizo tana yakushi. In ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, don ciwon haukan kare mage ma tana ɗauka. In kuka ga tana dalalar da miyau ko tana kai wa mutane hari haka kawai, kowa ya ja baya a kira likitan dabbobi.

Maman Biyu, Kurna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maigidan ya kai ta jiya, bayan ya gama mitar cewa abokansa za su yi masa dariya. Murar ce. An yi mata allura, an ba da maganin ɗigawa a ido. Da daddare ta lashe rabin sadin ɗin.

Likita kuma ya shafa cikinta ya ce ashe ita ma juna biyu gare ta. Da surukata ta ji, shiru ta yi, can sai ga ta da tsohon zaninta ta ce a shimfiɗa a kwalin. Wanda ke son ɗan mage a Kurna ya fara magana tun yanzu, mai shayi ya riga ya kama ɗaya.