Burin sabuwar shekara: me kuka ɗauka bara, kuma ina ya kai ku?

Malamar Islamiyya, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara ta zo gangara, kowa ya fara cewa bana zan yi kaza, bana zan bar kaza. Nasiha kam mun sha ta. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda ya taɓa ɗora wa kansa wani buri ya faɗa mana yadda ya tsara shi da yadda ta kaya, ko ya cimma ko ya tsaya a hanya.

Bari in fara da nawa. Ni hadda ce. Na daɗe ina son ƙara izu a kan abin da na taso da shi, amma ga aji, ga girki, ga yara. Sai na zauna na yi lissafi da mushafin bugun Madina da muke amfani da shi a makaranta: shafi 604 ne, kowane shafi layi 15, izu ɗaya kuma wajen shafi goma. Na yanka wa kaina layi uku kacal a rana, daga Asabar zuwa Laraba kamar yadda makarantar allo take yi, Alhamis da Juma'a kuma na bar su don tilawar abin da ya wuce. Hakan na nufin shafi ɗaya a mako, wajen izu biyar a shekara. Layi uku ɗin nan bayan asuba nake ɗaukarsu kafin in ɗora ruwan koko, in maimaita su ina shara. Izu huɗu na samu, don a azumi na ajiye sabuwar hadda na koma tilawa zalla. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani abu da na yi wa kaina kamar wannan ba.

Malamin firamare, Katsina:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara albarka. Wannan ajiye hadda da kika yi a azumi shi ne ainihin abin da nake son magana a kai, amma ta ɓangaren kuɗi.

Mu masu albashi muna zama a ƙarshen Disamba mu ce za mu riƙa ajiye kaza duk wata, mu ninka shi sau goma sha biyu, mu ga adadi mai daɗin gani. To amma watannin shekararmu ba ɗaya suke ba. Janairu da kuɗin makarantar yara take shigowa. Akwai cefanen azumi, akwai ɗinkin ƙaramar salla, akwai layya, ga Satumba da sabon zango, littattafai da yunifom. Sannan azumi da sallolin nan ba sa zama wuri ɗaya, kowace shekara suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Don haka abin da nake yi yanzu, nakan sami kalandar nan mai ɗauke da watan Musulunci da na Bature, in ɗauki jan biro in zagaye duk watan da na san ba abin da zan iya ajiyewa. Waɗanda suka rage su ne watannin ajiyata. Yawanci ba sa wuce bakwai. A kansu nake gina lissafi, kuma idan watan jan biro ya zo ban ajiye ko sisi ba, hankalina kwance yake, domin da ma haka aka tsara.

Abu na biyu, na daina ƙirga burina da naira. Duk wanda ya yi tsari a Janairun 2023 ya san abin da nake nufi. Aka fara da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, sannan ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin man fetur ya tafi. Kuɗin da na tara don buhunan masara huɗu, da kaka ta zo bai kai ko kusa ba. Daga nan na koma ƙirga da buhu. Burina na bara shi ne kafin kaka ta wuce in ga masara buhu uku da gero ɗaya a ɗaki. Duk sanda kuɗi suka taru suka kai na kwano ashirin, sai in saya in zuba, ba na jira su cika na buhu. Ragon layya ma ɗan ƙarami na saya tun da wuri, yara suka yi ta ba shi dusa da harawa. Ko da aka ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, ban canja wannan tsarin ba.

Mai Adaidaita Sahu, Kano:
Malam ka faɗi gaskiya. Ni burina guda ɗaya ne tal: in gama biyan kuɗin mashin ɗin nan ya zama nawa. Abin da yake karya mu ba balas ba ne, wato kuɗin da muke kai wa mai mashin, gyara ne. Ka yi sati kana kai balas lafiya, rana ɗaya taya ta fashe ko inji ya buga, sai ka ci bashi, bashin ya cinye wata guda. Sai na sami gwangwanin madara babba na huda shi, duk dare kafin in shiga gida in jefa kuɗin fasinja biyu na farko da na ɗauka da safe. Wannan na gyara ne kawai, ko maiɗakina ta san ba a taɓa shi don cefane. Da damina ta zo tituna suka cika da ruwa, mashin ya yi ta ba da matsala, gwangwanin nan ne ya riƙe ni. Saura kaɗan in gama, in sha Allahu kafin azumi.

Matashi mai gyaran waya, Kano:
Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, ni ina da ɗan ja. Idan kowa ya ce layi uku, kwano ashirin, fasinja biyu, yaushe za a yi babban abu? Ni da na ce zan koyi gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre, a gida cewa aka yi in nemi abin da ya fi sauƙi, ba ni da kuɗin kayan aiki, ba ni da kowa a kasuwar. Da na bi maganar daidai ƙarfi, da har yau ina zaune a majalisa. Wani lokacin wannan kalmar ta "abin da za ka iya" ita ake fakewa da ita a ƙi motsawa.

Malamin firamare, Katsina:
Ɗana, ba ka yi laifi ba, kuma akwai gaskiya a maganarka. Amma faɗa mana, ranar da ka fara zuwa kasuwar, me ka yi?

Matashi mai gyaran waya, Kano:
Shara na yi, Baba. Na daɗe ina shara da sayo wa maigidana abinci kafin ya bar ni in kwance waya. Daga nan canja sikirin da wurin caji, sai daga baya aka fara ba ni aikin da ake sa wuta. Na gane inda za ka. Amma duk da haka ina nan a kan cewa shagon kaina nake hange tun ranar da na ɗauki tsintsiyar, kuma shi ya hana ni gudu. Bana burina in sayi na'urar hura zafi tawa da mitar gwada wuta, in daina aro.

Uwargida, Kaduna:
Allah ya ba ka shagon, ƙanena. Ni tawa daban ce, kuma mata za su fi gane ta. Burina na bara ba na tara wani abu ba ne, na rage anko ne.

Na zauna na tuna bukukuwan da na yi wa anko bara waccan, na buɗe akwati na ga atamfofi da leshi waɗanda sau ɗaya na ɗaura su, wasu ma ban san amaryar sosai ba, ƙawar ƙawa ce. Kuma kowanne da kuɗin ɗinki, da gudummawa, da kuɗin mota. Kuɗin adashina kusan duk can suke tafiya. Ban ce na daina anko gaba ɗaya ba, don na san ba zan iya ba, kuma zumunci ba abin wasa ba ne. Cewa na yi: 'yan ɗakinmu, 'yan ɗakin maigida, da aminai biyu. Sauran zan je biki da kayana masu kyau, in kai gudummawata, in yi Allah sanya alheri.

Ba a ji daɗi ba da farko. Akwai wadda ta turo min hoton atamfa har sau uku, da na ce ba zan samu yi ba ta ɗauke min wuta wata biyu. Na je bikin duk da haka, na yi aiki a madafa tun safe, da hannuna na tuƙa tuwon 'yan ɗaurin aure. Yanzu mun koma kamar da. Kwasar adashina ta watan takwas kuwa injin markaɗe na saya, yana nan a zaure, yaran unguwa suna layi da robobin wake da tattasai tun ƙarfe bakwai.

Abu ɗaya da zan ƙara: ban yi shela ba. Maigida kawai na faɗa wa, sai yayata. Buri irin wannan idan ya shiga bakin mutane da yawa, kafin ki fara an riga an karya miki gwiwa.

Dattijo mai ritaya, Bauci:
Madalla da 'yata. Ni likita ne ya yanka min nawa, hawan jini. Ya ce tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako, a rage gishiri da dunƙulen miya, a sha magani kullum ko da an ji garau. Na fara da fita bayan asuba, amma sanyin hunturu da ƙura suka tayar min da tari. Sai na mai da ita la'asar: maimakon masallacin ƙofar gida, nake takawa zuwa na bakin kasuwa in dawo. Tunda salla ce take kai ni, ba na fashi. Duk ranar da na karɓi fansho nake biyawa a auna ni, in rubuta a bayan katin asibiti. Lambobin sun sauko, likitan ma ya yaba.

Manomi, Maraɗi:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. Mu nan gaskiya Janairu ba ta ce mana komai, shekararmu daga saukar ruwan fari take farawa. Amma shirin yanzu ake yinsa. Bara na ce ba zan sayar da wakena da kaka ba, lokacin da kowa ke kai wa kasuwa farashi ya faɗi. Duka ban iya riƙewa ba, akwai bashin taki da sai an biya. Na sayar da rabi, rabi na zuba a buhunan nan masu leda biyu a ciki da ba sa barin iska ta shiga, na ɗaure bakin da kyau, ƙwaro bai taɓa shi ba. Da bazara na fitar, ribar da na samu ita ta saya min takin bana ba tare da na ci bashi ba. Bana ina so in riƙe kashi biyu cikin uku, daidai ruwa daidai tsaki.

Ɗaliba, Sakkwato:
Na gode da wannan zance, na ƙaru sosai. Ni lissafi ne ya tsare ni, ina da sauran kiredit ɗina har da Turanci, shi kaɗai ya hana ni neman jami'a. Bara na ce zan yi karatun awa huɗu kullum, ban kai ko'ina ba saboda ni ke taya Mama aikin gida da tallar ƙosai da safe. Yanzu na ɗauko tambayoyin NECO na shekarun baya, biyar nake yi bayan isha'i, wanda ya gagare ni in kai wa wani yayanmu ranar Lahadi.

Malama ta Zariya, ina da tambaya. Ni ma ina son gwada layi ukun nan, amma duk sanda na yi gaba sai na baya ya zube. Kuma ranar da aka yi fashi fa, a rama ne washegari a yi shida?

Malamar Islamiyya, Zariya:
'Yata, kada ki rama. Ranar da ta wuce ta wuce, washegari ki ɗauki ukunki kamar ba abin da ya faru. Ramuwar nan ita ke tara wa mutum nauyi har ya ajiye gaba ɗaya. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma da shi nake lallashin kaina a irin wannan ranar.

Maganar zubewa kuwa, kada ki ɗauki sabon layi sai kin karanto shafin jiya da na shekaranjiya da ka. Ki riƙa yin sallolin nafila da abin da kika haddace a makon, nan za ki gane inda yake da rauni. Sannan ki sami wadda za ki riƙa kai wa hadda duk Alhamis, ko da ƙanwarki ce ta riƙe miki mushafi. Amma tunda jarrabawarki a tsakiyar shekara take, ni a ganina ki fara da layi biyu har ki gama da lissafin nan, in ya so bayan Yuli sai ki ƙara na ukun.