Kawuna ya ce in bar aikin takiyya in bi shi haƙar zinariya, ina neman shawara

Ɗan Madani:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shekarata ashirin. A Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife ni, mahaifina albasa yake sayarwa a kasuwa har Allah Ya karɓi abinsa. A watan Disamba na 2023, da yaƙi ya shigo garin, muka fito da ni da mahaifiyata da ƙannena huɗu, muka biyo ta Sinnar har Gadarif. Wata bakwai muka yi a cikin aji ɗaya na wata makarantar firamare, mu da wasu iyalai biyu, igiya da zane ne suka raba tsakaninmu.

A nan na shiga aikin takiyya, wato girkin taimako da samarin unguwa ke yi wa 'yan gudun hijira. Da farko faskare ne aikina da wankin tukwane. Sai daminar 2024 ta zo da kwalara. A layinmu cikin mako guda aka fitar da gawa uku, ɗaya wata yarinya ce da ke zuwa karɓar adas, wani nau'in ƙananan wake da muke dafawa, kullum da hantsi, da ɗan kwanonta mai lanƙwasasshen baki. Har yau ina ganin kwanon nan. Daga ranar aka ɗora mini kula da ruwa. Wata jami'ar lafiya ta koya mini auna kulorin a zuba a ganga, a jira rabin sa'a kafin a sha. Ta koya mini haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ni kuma da kaina na sayi daftari, ina rubuta duk mai karon da ya kawo ruwa da jakinsa, daga ina ya ɗebo, wane gida ya sayar wa, da gidan da aka wayi gari da mai gudawa. Ba a yi kwana goma ba daftarin ya nuna mana cewa gidajen da ke shan ruwan wani hafiri, wato tafkin tara ruwan sama, da ke bayan unguwa su suka fi kwanciya. Muka je da mai unguwa muka roƙi masu karon su sauya maɗeba, wanda ya ƙi kuma muka riƙa tare shi muna zuba masa magani a ganga.

Jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, da aka ɗage mana na zauna ta a ƙarshen Disamba na 2024, na samu 71 cikin ɗari. Tun ina yaro likita nake son zama, kuma kowa ya san wannan makin ba zai kai ni can ba.

Yanzu kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga haƙar zinariya a Abu Hamad da sabuwar raksha, wato babur mai ƙafa uku. Ya zaunar da ni ya ce: “Kai ne babba a ɗakin nan. Har yaushe za ka yi ta wanke wa mutane ganga kyauta, uwarka na sayar da shayi a bakin titi?” Mahaifiyata ba ta ce uffan ba, shirun nata ne ma ya fi damuna. In na tafi, wa zai riƙe daftarin? In na zauna, me zan kawo gida? Ko kuwa gaskiyar kawu ne, ɓata lokaci nake yi?

Tsohon Dahhabi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara uku na yi a wuraren haƙa, tsakanin Abu Hamad da kasuwar Ibaidiyya, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Kawunka bai yi ƙarya ba, akwai kuɗi. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, zinariya ce ke ɗauke da ƙasar nan. Amma ka tambaye shi, su nawa suka tafi tare, su nawa suka dawo da raksha?

Da igiya ake zura ka cikin rami, fitila ɗaure a goshi, iska ba ta isa, in ƙasa ta rufta kafin a tono mutum sai dai a yi masa sutura. Abincin da ka ci da ruwan da ka sha duk bashi ne, ana cirewa ranar rabo, bayan mai rami da mai inji sun kwashi nasu. Sai zaiba. Da hannu muke murza ta a cikin faranti don ta kama zinariya, mu ƙona a wuta muna shaƙar hayaƙin, ba mai rufe hanci. Yau in na ɗauki kofin shayi sai na haɗa hannu biyu saboda karkarwa.

Duk da haka ba zan ce maka zauna ka ci gaba da aikin kyauta ba. Haƙƙin uwa yana gaba da haƙƙin unguwa. Kada 'yan takiyya su sa ka jin kunyar neman na kanka. In tafiyar ta zama dole, ka yanke ranar dawowa tun daga gida, kuma ka nemi aikin bakin rami, kada ka taɓa zaiba.

Inna Ungozoma, Kasala:

Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu, wurin daftarin nan na tsaya. Kai ba ka san abin da ka yi ba. Bin sawun cuta gida-gida har a gano maɗebar da take fitowa, wannan sana'a ce da ake shiga jami'a a yi shekaru ana koyo. Mai yin ta shi ake kira dabit sahha a ofisoshinmu, jami'in lafiyar al'umma. Shi ke duba ruwan sha, da mayanka, da gidajen abinci, da feshin sauro. Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa, kuma na ga lokutan da mutum ɗaya mai lura da ruwa ya tsirar da rayukan da likitoci goma ba za su iya ba, don su sai cuta ta kama mutum ake kawo musu shi.

Abin da ke ba ni takaici da yaranmu shi ne sana'a uku kawai suka sani da suna: likita, injiniya, soja. Wanda bai samu ɗaya daga ciki ba sai ya ɗauka karatu ya ƙare masa, ya kama hanyar rami ko ta Libiya. Ba laifinku ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya lissafa muku. Akwai masu gwajin jini, akwai masu ɗaukar hoton ƙashi, akwai mataimakan likita, akwai masu kula da abincin yara masu tamowa. Jami'ar Khartum tana da tsangaya guda ta lafiyar al'umma da muhalli. Jami'ar Jazira ta garinku, wadda aka kafa a 1975, da tura ɗalibanta ƙauyuka ta yi suna. Ma'aikatar lafiya kuma tana da makarantar koyon ayyukan lafiya mai rassa a jihohi. Ka je ofishin lafiya na mahalliyarku, wato ƙaramar hukumarku, da ƙafarka, ka tambayi makin da aka karɓa bara a kowane fanni, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Kafin nan ga abin da nake so ka yi a makon nan. Ka nemi jami'ar da ta koya maka auna kulorin, ka nuna mata daftarin, ka roƙe ta takardar shaida mai hatimi da ke faɗin watannin da ka yi da irin aikin. Duk damina ana ɗaukar matasa aikin tsabtace ruwa da wayar da kai, ana ba su ɗan alawus, kuma wanda ya zo da takarda a hannu shi ake fara kira. Ba zai sayi raksha ba, amma zai sayi gawayi da sukarin shayin mahaifiyarka.

Batun wa zai riƙe daftari kuwa, a nan zan ɗan ja kunnenka. Aikin jama'a da ya rataya a wuyan mutum ɗaya bai tsaya da ƙafarsa ba. Ka zaɓi yara biyu, ɗaya ta zama mace don ita ke iya shiga cikin gidaje, ka koya musu tun yanzu.

Malam na Mai Wurno:

Madalla da bayanin Hajiya Ungozoma. Abu biyu zan ƙara. Na farko, yaro, kana da rakam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa? Ƙannenka fa, takardun haihuwarsu sun fito tare da ku daga Madani? Na koyar shekaru da yawa, na ga ɗalibai masu ƙwaƙwalwa sun tsaya a ƙofar jami'a saboda takarda ɗaya. Kakanninmu sun zo bakin kogin nan bayan yaƙin Burmi na 1903, mutanenmu sun yi aikin madatsar Sinnar da aka gama a 1925, sun tsinci audugar Jazira, amma har gobe ana tsayar da jikokinsu a ofis ana tambayarsu asali. Sau da yawa kuma mu ne muke sakaci da rajista sai buƙata ta taso. Tun da kai ne babba, wannan nauyin naka ne, ka fara da gidanku sannan ka bi maƙwabta.

Na biyu, a nan na ɗan saɓa da Hajiya. Abin da kuke yi gayya ce, wadda mutanen ƙasar nan ke kira nafir. Ba a zuwa gayya da neman takardar shaida. Ina tsoron ranar da yaranmu za su riƙa leƙa takiyya don hoto da hatimi, in ba alawus su watse. Na fara ganin alamun haka.

Inna Ungozoma, Kasala:

Allah Ya gafarta Malam, tsoronka yana kan hanya, ni ma na ga masu zuwa don hoto. Amma yaron nan shekara ya yi da ɗoriya yana bin masu karo cikin taɓo ba wanda ya yi masa alkawarin ko sisi. Niyyarsa ta riga ta bayyana. Ni ma albashi nake karɓa, kuma ban taɓa jin ya rage mini ladan tashin tsakar dare ba. In ba mu nuna wa irinsa yadda zai ci abinci da wannan aikin ba, rami ne zai ɗauke mana shi.

Usta Mai Sola:

Ƙanena, ni a Gadarif nake, a unguwar masu sana'a. Tun da wuta ta zama sai an ga dama, aikin haɗa sola da famfon rijiya ya fi ƙarfin hannuna. Ina neman yaro mai iya rubutu da lissafi, wanda ba zai yi mini ƙarya a kan awo ba. Daga azahar zuwa magariba, biyan mako ta manhajar banki ta Bankak, safiyarka taka ce ka yi aikin ruwanka. Lokacin yankan riɗi ma masu gonaki na neman mai riƙe musu lissafin 'yan ƙwadago. Ka turo mini saƙo ta gefe.

Ɗan Madani:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Inna, wallahi ban taɓa jin sunan wannan karatun ba sai yau. Jiya da daddare na karanta wa mahaifiyata amsarki, ta sa na maimaita mata wurin da kika ce gawayi da sukari, sannan ta ce ita dama ba ta son tafiyar, nauyin ƙanenta take ji. Yaya Dahhabi, na yi wa kawu tambayarka. Ya daɗe bai amsa ba, daga baya ya ce su tara suka tafi. Bai janye maganarsa ba, ya ba ni zuwa bayan kaka.

Malam, ni ina da rakam watani, amma takardun haihuwar ƙannena biyu sun salwanta a hanya, ranar Lahadi zan je ofishin rajista in ji abin da ake buƙata. Usta, na turo saƙon. Akwai wata yarinya 'yar aji biyu na sakandare da ke taya ni ƙirga ganguna, gobe in sha Allahu zan je wurin mahaifinta in nemi izini ta fara riƙe daftarin ranar Talata da Alhamis.