Kamfani ya ɗauki nauyin bizata zuwa Ingila, amma ejan na neman miliyan 7. Wa ya kamata ya biya?

Abban Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin kuɗi a nan Gombe. Albashin ba ya kai mu tsakiyar wata, ga iyali, ga Hajiyarmu da ciwon suga, ga karatun ƙannena biyu duk a wuyana tun rasuwar Baba. Gidan da muke haya a Jekadafari ma bana an ƙara mana kuɗi, mai gidan ya ce wanda bai iya ba ya tashi. Akwai wani bawan Allah, abokin yayan matata ne tun suna yara, in ya shigo gari har gida yake zuwa gaida surukata. Shi ya ce ya samo mini aiki a Ingila, kamfani zai ɗauki nauyin biza. Ya turo mini takarda ta WhatsApp da sunana da tambarin kamfanin. Ya ce in kawo naira miliyan 7: miliyan 4 na CoS, wato shaidar cewa kamfani ya ɗauki nauyina, sauran na biza da inshorar lafiya da lauya. Na sayar da filina na Tumfure na ba shi miliyan 2 kafin alƙalami. Yanzu ya ce in cika kafin ƙarshen wata ko a ba wani gurbin. Idan kamfani ne ya ɗauki nauyi, wanne kuɗi ne nasu, wanne ne nawa?

Maman Hanif:
Wa'alaikumus salam. Allah ya zaɓa mafi alheri. Ka yi istihara tukuna.

Injiniya Bala, Bamingham:
Malam, tsaya kada ka ƙara ko sisi. Ina ƙasar nan, na san abin nan ciki da waje. CoS kamfani ke biya, fam 525 ne a farashin da aka sa a Afrilun 2025, kuma tun 31 ga Disamba 2024 doka ta hana kamfani karɓar wannan kuɗin daga hannun ma'aikaci. Wanda aka kama yana iya rasa lasisinsa. Kuɗin lasisin ɗaukar baƙi ma nasu ne. Akwai kuma harajin da suke biya kan kowane ma'aikacin da suka ɗauko daga waje, da fam 1,000 ne a shekara ga babban kamfani, fam 364 ga ƙarami, kafin a ƙara shi. Shi ma haramun ne a ɗora maka. Naka su ne kuɗin bizar kanta, fam 304 a farashin 2025 idan ta ma'aikatan lafiya ce ta shekara uku, sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, sai jarrabawar Turanci, sai tikitin jirgi idan ba su ce za su saya ba. Inshorar lafiyar da yake faɗa fam 1,035 ce a shekara, amma masu bizar aikin lafiya an yafe musu gaba ɗaya. To ta wa zai biya? Lauya kuma wa ya ɗauke shi, kai ko kamfanin? Tambaya ɗaya: wane aiki aka rubuta a takardar, nas ko mai kula da tsofaffi?

Abban Khairat:
Na gode Injiniya. Amma gaskiya mutumin nan ba ɗan damfara ba ne, gidansu sananne ne. Ya fitar da mutum biyu da na sani da idona, ɗaya har ya gina gida. Wataƙila wahalarsa ce ya haɗa a ciki, ai ba zai yi mini kyauta ba.

Sani Direba, Jidda:
Doka daban, abin da ake yi daban. Nan Saudiyya ma sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ce mai ɗaukar aiki ne zai biya kuɗin ɗauko ka, da igama, wato katin izinin zama, da izinin aiki, da sabunta su, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. Amma ni sai da na biya ejan a Kano kafin na taho, na iso kuma kafilina ya riƙa yankar kuɗin igama daga albashina. Fasfo ɗina ma yana aljihun teburinsa. Wa zan kai ƙara, da wane Larabcin? Ni dai na ce idan ka yarda da mutumin ka biya ka wuce. Kowa da ka gani a waje ya biya wani abu.

Injiniya Bala, Bamingham:
Sani, irin wannan maganar ce ke jefa mutane a rami. An zalunce ka, Allah ya saka maka, amma kada ka mayar da shi ƙa'ida. Abban Khairat, ba ka amsa mini ba. Wane aiki? Su biyun da ka ce ya fitar, yaushe suka tafi? Domin tun 22 ga Yuli 2025 an rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Idan shi ne a takardarka, ko miliyan 20 ka biya babu biza. Idan kuma nas ne, sai ka fara rajista da hukumarsu ta ma'aikatan jinya, NMC, ka ci Turanci da CBT, jarrabawarsu ta kwamfuta, kafin ma a yi zancen tafiya, OSCE kuma, jarrabawar gwada aiki a aikace, sai ka iso. Ka yi ko ɗaya?

Anti Rabi, Bauchi:
Ni wanda kamfani ya biya wa komai ma ina tausaya masa. Ƙanin mijina sun saya masa tikiti, sun biya jarrabawa, sun ba shi ɗaki. Ashe a kwantiragin an rubuta idan ya bar su kafin wa'adi zai mayar da kuɗin. Yana can aikin dare ya ishe shi, ba damar motsi, matarsa kuma tana nan gidanmu da yara, ni ke fama da su, ko sabulu sai an yi ta kira kafin ya turo. Ka karanta kwantiragi da kyau.

Abban Khairat:
Injiniya, an rubuta aikin kula da lafiya ne, ban haddace Turancin ba, takardar tana wayar Madam. Ya ce ba sai na yi jarrabawar Turanci ta IELTS ba tunda da Turanci na yi karatu. Su wancan sun tafi a 2023. Kuma ku fahimce ni, ba zan iya zuwa in ce wa yayan matata abokinsa ɓarawo ne ba alhali ban kama shi da komai ba. Aurena ne a tsakiya.

Injiniya Bala, Bamingham:
2023 wani zamani ne. Ba sai ka kira kowa ɓarawo ba. CoS lamba ce da kamfani ke fitarwa a kwamfuta, kana da wata uku ka nemi biza da ita. Hoton takarda mai tambari kowane yaro a shagon buga takardu zai haɗa maka. Ka shiga shafin gwamnatinsu, gov.uk, akwai jerin kamfanonin da ke da lasisi, ka duba sunansu. Idan suna ciki, ka nemo imel ɗinsu da kanka ka tambaye su ko sun san ka. Sun ma yi maka intabiyu?

Barista A.:
Miliyan 2 ɗin ta banki ka tura ko hannu da hannu? Akwai rasit ko shaidu? Idan ta banki ce ka adana komai, har saƙonnin murya. EFCC na da ofishi a nan Gombe.

Maman Hanif:
Haba Barista, daga neman shawara sai EFCC? A tara manya a zauna mana. Zumunci ya fi miliyan 2.

Abban Khairat:
Rabi ta banki, rabi a hannu, a gaban yayan Madam. Intabiyu ya ce shi ya tsaya mini. Na kira shi ɗazu, ya rantse komai na kan hanya, har ya rage mini dubu 500. Ina ganin zan ba shi miliyan 1 in ga lambar tukuna.

Injiniya Bala, Bamingham:
Ni dai na faɗi nawa.

Usman Pantami:
Salam. Abban Khairat don Allah duba saƙonka, ina son lambar mutumin. Yana yin ta Kanada?