Neman shawara: littafin da mace ce jarumarsa

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗiyata shekararta 14, ba ta da abin so irin labaran sararin samaniya da na sihiri. Daren jiya na same ta cikin gidan sauro da tocila, ta kife littafi a ƙirji ta ce, "Mama, me ya sa kullum namiji ke ceton duniya, mace na gefe tana kuka?" Wallahi na rasa ta cewa. Ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da muka karanta a makaranta, ai yaro aka ɗauka zuwa sama. Don Allah ku ba ni sunayen waɗanda mace ke jan ragama, waɗanda kuma ba zan ji kunyar ganinsu a hannunta ba. Tana jin Turanci sosai.

Anti Malama: Wa alaikumus salam, Maman Iman. Fara mata da Binti na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan irin waɗannan labarai. Binti 'yar ƙabilar Himba ce ta Namibiya, shekararta 16, gwanar lissafi. Ta sulale daga gida don zuwa jami'a a wata duniya, ɗauke da kwalbar otjize, jar ƙasar nan da matansu ke kwaɓawa da mai su shafe jiki da gashi. Matafiya suka riƙa yi mata kallon ƙazama. Da wasu halittu suka far wa jirginsu, wannan kwaɓin ne ya warkar da raunin ɗayansu, daga nan ƙofar sulhu ta buɗe. Abin da ya sa nake ba ɗalibaina shi ke nan: yarinyar ba ta yar da na gida ba don ta shiga cikin manya. Akwai zubar da jini a wajen harin, amma babu batsa, kuma bai kai shafi ɗari ba.

Kawu daga Damagaram: Hajiya, ki haɗa mata da The Shadow Speaker na marubuciyar, na 2007. A nan Nijar labarin yake, a shekarar 2070. Ejii yarinya ce Musulma mai jin maganar inuwa, ta ratsa hamada a kan raƙumi tana bin sawun Sarauniya Jaa, wadda ita ce ta sare kan mahaifinta. Da na ga kalmar sarauniya a tsakiyar Turanci sai da tsigar jikina ta tashi.

Yaya Babba: Ina da jan kunne ɗaya, ƙanwata. Kada ki saye don sunan marubuciya kawai. Who Fears Death ma nata ne, amma akwai fyaɗe da kaciyar mata a ciki, na manya ne. Haka Parable of the Sower na Octavia Butler, ki ajiye mata sai ta ƙara shekaru. Ke kuma ki nemi The Adventures of Amina al-Sirafi na Shannon Chakraborty, na 2023, uwa ce mai sana'ar fashin teku a ƙarni na 12.

Maman Iman: Allah Ya saka da alheri. Akwai wanda aka buga a nan gida? Na waje sun yi tsada.

Anti Malama: Akwai. Cassava Republic da ke Abuja sun buga Akata Witch na Nnedi Okorafor da sunan What Sunny Saw in the Flames, labarin wata yarinya zabiya mai farar fata a garin Aba. Tsafi ya yi yawa a ciki, ki riga ta karantawa.