Gusawa, matsewa, baibai: me za mu kira su a ajin siginal?

Assalamu alaikum. Ina taimaka wa ƙannenmu ɗaliban injiniyan lantarki na Jami'ar Bayero da bitar darasin siginal, kuma Hausa muke zubawa idan Turancin ya cije. Ita kanta kalmar siginal, wato abu mai canzawa da lokaci kamar sauti ko wutar lantarki, na bar ta yadda take. "Alama" ta yi faɗi, "saƙo" kuma abin da siginal ke ɗauke da shi ne. Ayyukan da ake yi mata a kan lokaci nake nema wa suna: x(t−2), x(2t) da x(−t), inda x ce siginal ɗin, t kuma lokaci. Na farko ina cewa jinkiri. Malamai, a gyara mini.

Wani malamin kwalejin fasaha: Wa alaikumus salam, Injiniya. Jinkiri rabin aikin ne. x(t−2) ta makara da daƙiƙa 2, to x(t+2) fa, wadda ta riga lokacinta? Ka sa "gusawa" ta zama uwa, jinkiri da rigaye su zama 'ya'yanta. Siffar siginal ba ta taɓuwa, wuri kawai ta sauya. Kuma ka ja kunnen yara: alamar ragewa hannun dama take kai ta a zane, nan suke faɗuwa.

Mai gyaran amfilifaya a Sabon Gari: Ranka ya daɗe, mu a shago iko muke cewa, wato amsa-kuwwa. Ba ita ce jinkirin ba?

Ni: Maigida, amsa-kuwwa aiki uku ce a haɗe: an jinkirta muryar, an rage mata ƙarfi, an tara ta a kan ta asali. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bangon da ke nesa da mita 17 zai dawo maka da muryarka bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Na karɓi "gusawa", Malam.

Rigimar tana wajen x(2t). Ɗalibai suna cewa "sikelin", mai jin Hausa kuwa sikelin awon kaya zai gani a ransa. Dole a kore ta.

Wata ɗaliba: Yaya, me zai hana a ce sauri? Kamar yadda ake danna 2x a saƙon murya na WhatsApp.

Ƙanwata, wannan misalin ne ya sa nake gudun kalmar. WhatsApp yana gajarta lokacin amma yana da dabarar riƙe kaurin muryar, shi ya sa kike gane mai magana. x(2t) ba ta san wannan ladabin ba. Maganar daƙiƙa 10 za ta ƙare a 5, kuma duk kaɗawar da ke ciki ta ninka: mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, irin wutar gidajenmu, ta koma 100. Wanda ya taɓa jin kaset yana gudu fiye da ƙa'ida, muryar ƙato ta sirance, shi ya ji ainihin abin. Ni dai "matsewa" na zaɓa ga x(2t), "miƙewa" ga x(t/2). Suna faɗin abin da ido ke gani a zane, kuma suna hana mutum zaton 2 ɗin nan faɗaɗawa take yi.

Malamin: Na yarda. Gwada su a x(2t−4) ka gani: gusa da 4 sannan ka matse, ko ka matse sannan ka gusa da 2. Jimlar ta zauna a baki. Ga x(−t) kuma ina ba da "juyi".

Malam, a yi haƙuri, juyi zai rikice da −x(t), wadda ake kifewa sama ta koma ƙasa. A bar wa waccan "kifewa". Ita x(−t), da ƙarshe ke zama farko, baibai ta fi dacewa da ita.

Mai gyaran: To ƙara ƙarfi da ragewa fa, 3x(t)? Mu bolum muka sani.

Ɗalibar: Baba, bolum na sauti ne kaɗai. Siginal ɗin bugun zuciya ba ta da bolum. Ni "tsayi" nake gani, tunda shi ke ƙaruwa a zane.

Malamin: Tsayi zai yi karo da tsawon lokaci. A riƙe "ƙarfi" tukuna.