Neman shawara: yaya zan yawaita mazubin kofunan tangaran?

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sana'ata yin kofunan tangaran, ina zuba ruwan yumɓu a mazubin POP (farin garin nan da ake silin da shi) mai ɓari biyu. Ciniki ya fara buɗewa, alhamdulillah, amma mazubin guda ɗaya ne. In na zuba da safe ya sha ruwa, da wannan damshin na Legas sai washegari yake sake karɓar zubi. Ina son irinsa da yawa, kuma girmansu ya zo daidai. Don Allah a taimaka min da dabara.

Dattijo, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yata. Abin da kike bukata uwar mazubi ce. Ki ɗauki kowane ɓari ki kwantar da shi, fuskarsa na kallon sama, ki kewaye shi da katako, ki toshe kafofin da yumɓu. Ki shafa sabulu don kada su manne, ki zuba POP a kai. Abin da ya fito shi ne uwar, daga jikinta za ki riƙa fitar da sababbi ko guda nawa kike so.

Sai dai ki duba mazubin naki tukuna. In gefunansa sun fara zaizayewa ko cikinsa ya yi ƙananan ramuka, duk 'ya'yan haka za su fito. Gara ki yi sabo daga kofin asali, wato wanda aka fara fitar da mazubin daga jikinsa, kada ki zuba masa yumɓu ko sau ɗaya, ki cire uwar daga gare shi, ki adana shi.

Awo kuma da sikeli ake yi, ba da ido ba: ruwa kilo 7, POP kilo 10. Garin ake barbaɗawa cikin ruwa, a bar shi ya jiƙa kamar minti 2, sannan a dama a hankali, a bubbuga teburin iska ta fita. In awon ɓari biyun ya bambanta, ɗaya zai fi shan ruwa, kofin ya fito gefe ɗaya da kauri.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Basilin zai yi a madadin sabulun?

Dattijo:
A'a. Maiƙo yana toshe ƙofofin da POP ke tsotsar ruwa da su. Ki narka sabulun salo ki tace, ki shafa da soso kamar sau uku, kina share kumfar.

Wata 'yar'uwa, Obalende:
Anti, in da hali ki yi fuskar uwar da robar silikon, bayanta da POP. Da tsada kam, amma tana lanƙwasawa, gefuna ba sa ɓallewa wajen rabawa. Ni tun da na koma mata na huta.

Mai aikin silin, Mile 12:
Hajiya, ba kowane buhun POP ne zai yi miki ba. Wani namu na silin yana tauri sosai amma shan ruwansa kaɗan ne. Ki kwaɓa kaɗan ya bushe, ki ɗiga ruwa ki gani. Wanda ya dunƙule a buhu kuwa ya riga ya sha damshi, ki bar shi.

Dattijo:
Gaskiya ne. Wajen busarwa kuma kada ki kai sababbin mazuban kusa da wutar gasa kofuna, zafin da ya wuce digiri 50 yana rugurguza su. Ki haɗa ɓari biyun ki ɗaure da roba don kada su karkace, ki ɗora kan katako, ki sa musu fanka. Muddin mazubi yana da sanyi a hannu, bai bushe ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Zan fara da sabon mazubin daga kofin asali, in uwar ta fito zan turo hoto Baba ya duba min.